MAJALISUN KARATU A BIRNIN DIMASHƘA

A zamanin da, tun ba a san injin ɗab'i ba, mallakar littafi ba ta isa a ce mutum ya karanta shi. A ƙasashen Musulmi, in mutum ya ce ya san littafin wane, abin da a ke fara tambayarsa shi ne, "A wurin wa ka ji shi?" In ya kasa faɗin malaminsa, da garin da aka zauna, da shekarar da aka yi karatun, to, ko da ya haddace littafin nan da ka, malamai da yawa ba su yarda ya ruwaito shi ga wani. Hausawa su kan ce gani ya kori ji, amma a wurin malaman hadisi na wancan zamani ji ne a gaba, gani yana biye.

Daga wannan ƙa'ida al'adar majalisun karatu ta taso. Mutane su kan taru, wani ya ɗauki littafi ya karanta da ƙarfi, malamin da ke da izinin littafin yana saurare yana gyara, sauran jama'a kuwa suna bi. In an ƙare, sai a rubuta sunan ko wane mutum da ya halarta a jikin littafin. An yi haka a Bagadaza da Nisabur da Alƙahira da Ƙurɗuba, amma da wuya a sami birnin da ya bar shaidar wannan al'ada da yawa kamar Dimashƙa, babban birnin ƙasar Sham, tun daga wajen shekara ta 1150 har zuwa 1500. Cikin waɗannan majalisu aka sami mutanen da suka ɗora wa kansu karance manyan littattafai cikin 'yan kwanaki, aka kuma sami waɗanda suka tashi suka ce wannan gaggawa ɓata ilmi ce.

Dalilin da ya sa sai an ji

Dalili na fari shi ne halin rubutun Larabci. Haruffa da yawa siffarsu ɗaya, ɗigo ne kaɗai ke rarrabe su, marubutan da kuwa sau da yawa ba su damu da sa ɗigo ko wasali ba. Sunan Hibbanu da na Hayyanu in an cire ɗigo ba su da bambanci a ido, haka nan Bishru da Busru. Mutumin da ke karatu shi kaɗai a ɗaki ba shi da yadda zai san wanne a ke nufi, sai dai ya yi zato. Ga masu hadisi kuwa, sauya sunan mutum ɗaya cikin isnadi ya isa ya mai da hadisi ingantacce ya zama mai rauni. Dalili na biyu, ko wane littafi da hannu a ke rubuta shi, mai kwafa kuwa ɗan Adam ne, ya kan tsallake layi, ya kan maimaita kalma. Sabo da haka ba a amince wa sabon kwafi sai an karanta shi a gaban wanda ya ji littafin daga wanda ya ji, har a dangana da mai wallafa shi.

Ita shaidar da a ke rubutawa a jikin littafi sunanta sama'u, watau ji. A cikinta a kan ambaci malami mai jiyarwa, da makaranci, da marubucin sunaye, sa'an nan wurin da aka zauna da ranar da aka gama. Marubucin nan ba ya sassauci. In wani ya zo a makare, sai ya rubuta wane ya rasa daga farko zuwa babi kaza. In ya tashi tun ba a gama ba, shi ma a rubuta. Wanda ya rasa wani wuri kuwa sai ya nemi wata majalisa ya cike giɓinsa. Har yara a kan kawo. Ibnu Salahi, wanda ya shugabanci Darul Hadisi ta Ashrafiyya a Dimashƙa, ya rasu a shekara ta 643 ta Hijira (1245), ya bayyana cewa abin da masu hadisi suka zauna a kai shi ne, yaron da ya cika shekara 5 a rubuta masa ya ji, wanda bai kai ba kuwa a rubuta an halarto da shi.

Bayan wannan, babban malami ya kan tara sunayen malamansa da na littattafan da ya ji a wurinsu cikin littafi guda, a ce masa mu'ujamu ko fihirisa. Da irin wannan littafi a ke sanin abin da baƙo ya zo da shi wanda babu a gari. Akwai kuma muzakara, inda almajirai ke zama kowa ya kawo abin da ya ji, ɗan'uwansa ya gwada shi da nasa.

Ibnu Asakir da Tarihin Dimashƙa

Mutumin da ya fi kowa raya wannan al'ada a Dimashƙa shi ne Abul Ƙasim Aliyu ɗan Hasan, wanda aka fi sani da Ibnu Asakir. An haife shi a shekara ta 499 (1105). Ya yi yawon neman ilmi zuwa Bagadaza da Makka da Hurasana, aka ce malamansa maza sun kai 1,300, mata kuwa sun fi 80. Da ya komo gida sai ya duƙufa kan rubuta tarihin birninsu, da labarin duk wani sananne da ya zauna a ciki ko ya ratsa ta nan, tun daga annabawa har zuwa mutanen zamaninsa.

Zamanin nan kuwa ƙasar Sham tana cikin tsoro. Nasaran Turai masu yaƙin gicciye suna riƙe da Baitul Muƙaddasi da garuruwan gaɓar teku, har a shekara ta 543 (1148) suka kewaye Dimashƙa kanta da yaƙi, Allah bai ba su nasara ba. A shekara ta 549 (1154) Sultan Nuruddini ya karɓi birnin. Ya ji labarin aikin Ibnu Asakir, ya ƙarfafa shi ya gama, ya kuma gina masa makaranta ta hadisi kaɗai, wadda aka sani da Darul Hadisi ta Nuriyya. Littafin ya yi girman da ba a saba gani ba. Kwafin da ɗansa Ƙasimu ya tsabtace ya kai juzu'i 800, watau mujalladi 80, kuma mutanen da aka ba da labarinsu a ciki sun kai wajen 10,000.

Tun wajen shekara ta 559 (1164) aka fara karanta shi a bainar jama'a cikin Masallacin Banu Umayya, juzu'i bayan juzu'i, shekara da shekaru. Ibnu Asakir ya rasu a 571 (1176), Sultan Salahuddini da kansa ya halarci jana'izarsa, amma karatun bai tsaya ba, ɗansa da danginsa da almajiransa suka ci gaba. Takardun sama'u na waɗannan majalisu da yawa suna nan. Wani Bajamushe masanin tarihi, Konrad Hirschler, ya bi su dalla-dalla cikin wani littafi da ya fitar a 2012, ya tarar ba malamai kaɗai ke zama ba. A farkon jerin sunaye a kan sa malamai da manyan gari, daga baya kuwa sai ga 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, da sojoji, da bayi tare da iyayengijinsu, da yara tare da ubanninsu. Waɗansu sun zo sau ɗaya ko biyu ba a sake ganinsu ba, waɗansu kuwa sunansu na maimaituwa zama bayan zama. Ta haka talakan da ba shi da kuɗin sayen ko juzu'i guda ya ji labarin birninsu da na magabatansa, a sa'ad da abokan gaba ke nan kusa.

Masu tseren karatu

Littafin da aka fi yi wa irin wannan zama shi ne Sahihul Buhari. In an haɗa da maimaici, hadisansa sun fi 7,000. Mai tafiya a hankali ya kan yi watanni kafin ya kai ƙarshensa, amma waɗansu sun karance shi cikin kwanakin da ba su cika yatsun hannu ba.

Wanda ya fi suna a nan shi ne Haɗibul Bagadadi, mai Tarihin Bagadaza, wanda daga baya ya yi shekaru yana karantarwa a Masallacin Banu Umayya, aka ce in yana karatu a kan ji muryarsa har ƙarshen masallaci. A shekara ta 423 (1032) wani tsohon malami makaho, Isma'ila Alhiri, ya zo Bagadaza daga Nisabur da niyyar hajji. Hanya ta ɓaci a shekarar nan, sai ya yi shirin komawa gida tare da ayari. Shi kuwa ya ji Buhari daga Kushmihani, Kushmihani daga Firabri, Firabri daga Buhari kansa, watau mutum biyu kaɗai ke tsakaninsa da mai littafi. Haɗibu ya ga in ayarin nan ya tashi, wannan dama ta tafi ke nan. Sai ya roƙi tsohon, ya yarda. Suka zauna dare biyu, ko wane dare tun daga magariba har asuba. Kafin zama na uku malamin ya ƙetare kogin Dijla ya sauka wurin da ayari ke taruwa. Haɗibu da abokansa suka bi shi can, ya yi ta karatu tun daga hantsi har magariba, daga magariba har ketowar alfijir, littafi ya ƙare. Da gari ya waye malamin ya tafi da ayarinsa. In an raba, ko wane zama ya ɗauki hadisi fiye da 2,000. Zahabi, da ya zo kan wannan labari bayan shekara wajen 300, ya ce bai san wanda zai iya haka ba cikin mutanen zamaninsa.

Bayan shekara 22, a hajjin 445 (1054), Haɗibu ya sake karance littafin a Makka cikin kwana 5, wannan karo a gaban mace, Karimatu 'yar Ahmadu ta Marwa. Ita ma daga Kushmihani ta ji shi. An san ta da tsanani, ba ta yarda wani ya ruwaito daga gare ta sai an gwada kwafinsa da nata na asali. Ta rasu a Makka tana da shekara wajen 100, ba ta taɓa aure ba.

Waɗanda suka biyo baya suka ɗauki wannan abin koyi, har ya zama kamar tsere. Fairuzabadi, mai Ƙamus, ya karance Sahihu Muslim a Dimashƙa cikin kwana 3, ya kuma yi baitoci yana ambaton haka. Ibnu Hajar na Alƙahira ya karance Buhari cikin zama 10, da Muslim cikin zama 4 banda zaman hatma, da ƙaramin Mu'ujamu na Ɗabarani cikin zama ɗaya tsakanin azahar da la'asar. A shekara ta 802 (1400) ya zo Dimashƙa ya yi kwana 100, almajirinsa Sahawi ya ce abin da ya karanta da wanda ya ji cikin kwanakin nan ya kusa mujalladi 100.

Mai jin wannan zai iya zaton alfahari ne kaɗai, amma akwai abin da ke kora su. Guzurin matafiyi yana ƙarewa, ayari ba ya jira, malaman da isnadinsu ya fi kusa kuwa duk tsofaffi ne tukuf. Ibnu Hajar ya bar Dimashƙa a farkon shekara ta 803. Bayan 'yan watanni sai ga Taimur da rundunarsa, ya ci birnin, aka washe shi, wuta ta kama Masallacin Banu Umayya, aka kwashi gwanayen masu sana'a zuwa Samarƙandu. Biyu daga cikin tsofaffin matan da Ibnu Hajar ya yi karatu a wurinsu, Faɗimatu 'yar Munajja da Faɗimatu 'yar Abdulhadi, duk cikin shekarar nan suka rasu. Da ya yi nawa, da abin da ke wurinsu ya bi su kushewa.

Labarin mai sassaƙar dutse

Amfanin rubuta sunan yaro ya bayyana sarai cikin labarin Ahmadu ɗan Abu Ɗalib, wanda a ke ce wa Alhajjar, watau mai sassaƙar dutse. A shekara ta 630 (1233) wani tsohon malami, Husaini Ibnuz Zabidi, ya zo daga Bagadaza, aka karanta masa Buhari a Masallacin Muzaffari da ke gindin dutsen Ƙasiyun. Jama'a suka taru da yawa, cikinsu akwai wannan Ahmadu, yana yaro ƙarami, aka rubuta sunansa tare da na sauran. Ya girma bai zama malami ba, bai ma iya rubutu ba. Ya kama sana'ar dutse, har ya yi shekara wajen 25 yana shugaban masu wannan aiki a kagarar birni.

Sai a shekara ta 706 (1306), bayan shekara 76, masu binciken tsofaffin takardu suka ci karo da sunansa. Lokacin nan waɗanda suka halarci zaman 630 sun kusa ƙarewa, shi kuwa tsakaninsa da Buhari mutum biyar ne kaɗai. Nan da nan tsoho ya zama abin nema. Malamai irin su Zahabi da Ibnu Kasir suka zauna gabansa. A 715 (1315) aka gayyace shi Alƙahira tare da wata tsohuwa, Sittul Wuzara'i, wadda ita ma ta ji daga Ibnuz Zabidi, sarakuna da alƙalai suka taru don su ji. Waɗansu sun ce an karance masa Buhari kamar sau 60, waɗansu sun ce fiye da 70. Ya rasu a 730 (1329) yana da shekara fiye da 100. Cikin yaran da aka kawo gabansa akwai wata yarinya, A'ishatu 'yar Abdulhadi, wadda ta rayu har 816 (1413), ta zama ita ce ta ƙarshe da ta ji littafin daga bakinsa. Ashe mutum biyu, magini da yarinya, sun riƙe igiyar littafin nan shekara 186.

Masu suka

Wannan labari mai daɗi shi ne kuma ya nuna inda al'adar ta fara rauni. Tsohon da bai iya rubutu ba, ina zai gyara wa makaranci in ya yi kuskure? Zahabi, ko da ya ke shi ma ya zauna gaban Alhajjar, ya yi kakkausar magana cikin wata 'yar risala tasa mai suna Zagalul Ilmi. Ya siffanta majalisun zamaninsa: malami jahili yana barci, yara suna wasa, samari suna taɗi da raha, makaranci yana ta sauri yana sauya kalmomi, ba wanda ya kula. Ya tambayi amfanin irin wannan ji. Tun gabansa Ibnu Salahi ya riga ya ce in makaranci ya wuce iyaka wajen sauri, ko yana cinye kalmomi, ko mai saurare yana nesa ƙwarai, jin nan bai inganta ba, sai dai a yafe kalma ɗaya ko biyu. Don haka ya ce ya kamata malami ya ba duk waɗanda suka halarta ijaza, domin ta rufe abin da ya kuɓuce musu.

Masu kāre al'adar su ma suna da hujjarsu. Su kan kawo labarin Daraƙuɗni, wanda tun yana saurayi aka gan shi yana kwafan wani littafi alhali malaminsa Saffar yana shifta. Wani ya ce masa jinsa bai inganta ba. Sai ya tambayi mutumin hadisi nawa malam ya shifta, ya ce bai sani ba. Daraƙuɗni ya ce 18 ne, ya kuma jero su duka da isnadinsu bi da bi. Ibnu Kasir kuma ya ba da labarin malaminsa Mizzi, cewa ya kan yi rubutu a majalisa, wani lokaci har ya yi gyangyaɗi, amma da makaranci ya kauce sai ya gyara masa daidai, har makarancin ya yi mamaki. Ya kuma ambaci wani alƙali, Taƙiyyuddini Sulaimanu, wanda aka tsawata wa yara masu wasa a majalisarsa, ya hana, ya ce su ma haka suka ji suna yara.

In an auna maganar ɓangarorin biyu, za a ga ba su yi nisa da juna ba. Daraƙuɗni da Mizzi da Haɗibu mutane ne waɗanda suka riga suka san abin da a ke karantawa tun kafin a buɗe littafi. Saurin Haɗibu bitar masani ce, yana gwada abin da ke kansa da abin da ke wurin malami. Laifin ya shigo ne sa'ad da waɗanda ba su san littafin ba suka kwaikwayi saurin, suna neman a rubuta sunansu kaɗai.

Zama 71 da shekara 25

Cikin wannan birni kuma aka yi wani irin karatu na sannu, wanda amfaninsa ya fi daɗewa. Wajen shekara ta 1268 Sharafuddini Yunini, mutumin Ba'albak, ya tara ingantattun kwafe na Buhari na riwayoyi daban-daban, ya zauna da jama'ar malamai. Cikinsu akwai Ibnu Malik, mai Alfiyya, wanda ya girme shi ƙwarai, amma ya zauna a matsayin mai saurare. Yunini na karatu, kowa na duban kwafin da ke hannunsa. Inda riwayoyi suka saɓa sai a rubuta a gefe, a sa wa ko wace riwaya ɗan harafinta na alama. Inda lafazi ya yi wuya ta wajen nahawu sai Ibnu Malik ya warware. Aka yi zama 71 kafin a gama. Daga bayanan da ya yi a nan Ibnu Malik ya fitar da littafinsa Shawahidut Taulihi.

Ibnu Hajar kansa, da ya karance Buhari cikin zama 10, sa'ad da ya tashi yi masa sharhi sai ya ɗauki shekara 25. Ya fara Fathul Bari a 817 (1414), ya gama a 842 (1438). Ya kan rubuta ɗan kaso, manyan almajiransa su kwafa, sa'an nan rana ɗaya cikin mako su taru, Ibnu Hidir ya karanta, a gwada da na asali, a yi muhawara. Da aka gama ya yi walima wadda aka ce ta ci dinari 500. Mutumin nan ɗaya ya san inda sauri ke da amfani, ya kuma san inda sannu ba ta hana zuwa.

Ƙarshen al'ada da abin da ya rage

Sannu a hankali manyan littattafan hadisi suka yawaita, kwafe ingantattu suka bazu, bukatar jin ko wane ƙaramin juzu'i ta ragu, malamai suka fi dogara ga ijaza. Ɗaya daga cikin na ƙarshe da suka riƙe tsohuwar hanya a Dimashƙa shi ne Yusufu Ibnu Abdulhadi na unguwar Salihiyya, wanda ya rasu a 909 (1503). A shekara ta 897 (1492) ya tara iyalinsa, mata da yara, ya yi ta karanta musu ɗaruruwan 'yan littattafan da ya tara, wani lokaci da yawa cikin rana guda, yana rubuta sunayensu a jikin ko wanne. Daga baya ya yi waƙafin littattafan ga Makarantar Umariyya. Wajen 1880 aka tattara abin da ya rage nasu da na sauran makarantu zuwa ɗakin karatu na Zahiriyya, cikin shekarun 1980 kuma aka mai da su babban ɗakin karatu na ƙasa. A 1996 waɗansu masana uku suka buga jerin sunayen mutanen da ke cikin takardun sama'u na Dimashƙa daga shekara ta 550 zuwa 750 ta Hijira.

Abin da ya daɗe shi ne al'adar ɗaukar littafi guda a karance shi tare cikin ƙayyadadden lokaci. A Alƙahira, tun zamanin Sultan Ashrafu Sha'aban, a kan karanta Buhari a kagarar Sultan cikin watan azumi. A Tambutu, Ahmadu Baba ya ce mahaifinsa ya yi shekara fiye da 20 yana jiyar da Sahihai biyu cikin Rajab da Sha'aban da Ramalana, a masallacin Sankore kuwa a kan karanta Ashafa ta Alƙali Iyali cikin azumi. Igiyar ta iso ƙasar Hausa. Malam Jibrilu ɗan Umaru ya sami ijaza daga Murtala Zabidi a Alƙahira, ya ba Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Shehu ya kuma karanta Buhari wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji a shekara ta 1201 (1786 zuwa 1787). Ƙanensa Abdullahi ya rubuta Ida'un Nusuhi, inda ya jera malamansa da littattafan da ya karanta a wurinsu, daidai da fihirisar mutanen da. Har yanzu a garuruwan Hausa, in azumi ya kama, a kan ga mai jan baƙi yana ja, malam yana fassara, jama'a na saurare, an ƙudura sai an kai ƙarshe kafin salla.

Aikin Yunini kuwa bai ɓata ba. Ƙasɗallani ya dogara gare shi cikin sharhinsa Irshadus Sari. Sa'an nan Sultan Abdulhamid na Biyu na Istambul ya yi umurni aka buga Buhari bisa kwafin Yuniniyya a maɗaba'ar Bulaƙ ta Alƙahira, aka fara a 1311 (1893), malaman Azhar suka duba shi. Daga wannan bugu aka ɗauki yawancin na baya. Almajirin da ya buɗe irin wannan kwafi a zauren malaminsa, a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, in ya duba saman kalmomi da gefen shafi zai ga waɗansu ƙananan haruffa a warwatse. Su ne alamomin riwayoyin da aka gwada cikin zaman nan 71 na Dimashƙa.